Robar da ke tsakanin taragon jirgin ƙasa: a bar wurin a buɗe ko a sa ƙofa?

Mai Goro Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu aikin ƙarfe da tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke cikinmu. Duk wanda ya hau jirgin cikin garin Legas na Blue Line, daga Marina zuwa Mile 2, ya ga yadda taragon suke a haɗe, babu ƙofa tsakani, kana tsaye a nan kana hango mutanen can. Amma jirgin da ke tashi daga Ebute Metta zuwa Ibadan sai ka buɗe ƙofa, ka taka wani faifan ƙarfe da ke motsi a ƙarƙashin ƙafarka, sannan ka faɗa tarago na gaba. Me ya kawo bambancin? Sannan ita wannan robar mai ninki-ninki da ta kewaye wurin, ita ce ke riƙe da taragon? In dai ita ce, ni ban ga ƙarfin da za ta ja tarago cike da mutane ba.

Bakanike Mile 12:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba ita ke ja ba, kwantar da hankalinka. Ƙugiyar ƙarfe ce a ƙasa, ƙarƙashin inda kake takawa, ita ke ja ita ke turawa. Robar nan aikinta irin na robar shaf ɗin mota ne: ta rufe gaɓar da ke motsi, ta miƙe ta takure yadda gaɓar ta so, ta hana ruwa da ƙasa shiga. Bambancin kawai shi ne a jirgi mutum ne ke wucewa ta ciki.

Baba Ebute Metta:
Bakanike ya faɗi gaskiya. Ni a sashen gyaran tarago na yi aikina har na ajiye. Yaran yanzu ba su san darajar wurin nan ba saboda tafiyarsu gajera ce. Marina zuwa Mile 2 kilomita 13 ce, kafin ka gyara zama ka iso. Ku tuna da tsohon layi, Ikko zuwa Kano, sama da kilomita 1,100, a tashi daga Iddo a bi ta Badun, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna, Zariya. Mutum ya kwana ya wuni a ciki. Dole ya tashi neman taragon abinci, dole ya nemi bayi in na wurinsa ya cika, dole ya nemi ruwan alwala. Mai duba tikiti ma ta nan zai bi. In babu mashiga mai aminci tsakanin tarago, kowa ya zama ɗan kurkuku a inda ya zauna har sai an tsaya a tasha.

Ɗalibi Akoka:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa shi ne ainihin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta. A Amurka, taragon zamanin da suna da buɗaɗɗen dandamali a kowane ƙarshe, sai mutum ya fita waje, iska da hayaƙin gawayi na dukansa, ya tsallaka. Mutane na faɗawa. A 1887 wani ma'aikacin kamfanin ƙera tarago na Pullman mai suna Henry Sessions ya yi rajistar dabararsa: firam na ƙarfe a ƙarshen kowane tarago, sifirin na tura shi gaba, yadi mai ninki na haɗa shi da jikin taragon. In an haɗa tarago biyu sai firam ɗin su manne da juna. Jirgin Pennsylvania Limited ne ya fara yawo da ita a shekarar. Ta farkon siririya ce, faɗin mutum ɗaya. A 1893 aka faɗaɗa ɗakin shigar da ke ƙarshen tarago ya cika faɗin taragon.

Wani amfanin da suka samu a kai shi ne gogayyar firam ɗin biyu tana rage rangajin tarago. Kuma a zamanin taragon katako, in an yi karo, ƙasan wani tarago kan hau kan na gabansa ya kutsa ciki ya murƙushe fasinja. Ƙarfafa ƙarshen tarago ya taimaka wajen rage wannan.

Mai Goro Agege:
To na ji tarihi ɗana. Amma me ya sa faifan ke zamewa haka? Wani lokaci sai ka ga ƙofar gabanka ta goce gefe kamar za ta bar ka.

Injiniya Yaba:
Alhaji, wannan gocewar ita ce duk wahalar aikin. Tarago ba ya lanƙwasa, sanda ne miƙaƙƙe da ke zaune a kan bogi biyu, wato firam ɗin da ke ɗauke da ƙafafun ƙarfe. Bari mu ɗauki taragon Mark 3 na Ingila, irin waɗanda aka kawo domin Red Line, ɗaya layin cikin garin Legas. Tsawonsa mita 23, amma daga tsakiyar bogi zuwa tsakiyar bogi mita 16 ne. Ke nan kowane ƙarshe ya zarce da mita 3.5 yana lilo a kan iska.

In jirgi ya shiga kwana, a ce wadda daga tsakiyar da'irarta zuwa layin mita 200 ne, ƙarshen taragon zai fita waje da kusan santimita 17. A kwana guda ɗaya babu matsala sosai, domin ƙarshen wannan da ƙarshen wancan gefe ɗaya suka fita, suna tare. Abin da zai faru kawai shi ne su buɗe baki kamar digiri 6 da rabi, gefen ciki ya matse, gefen waje ya miƙe. Inda ake jin jiki shi ne wurin sauya layi, inda kwanar dama ke bin kwanar hagu nan take. Na gaba ya riga ya shiga ta hagu, na baya yana cikin ta dama. Wannan ya goce nan, wancan ya goce can, tazarar za ta iya haura santimita 30. Shi ne kake ganin ƙofa ta gudu. Kuma irin wuraren nan sun fi yawa a bakin tasha, daidai lokacin da mutane ke miƙewa suna tururuwa wajen ƙofa.

Ban ma yi maganar hawa da sauka ba, ko tarago ɗaya ya cika maƙil ya zauna a kan sifirin ɗinsa na kusa da shi kuma babu kowa, ko birki ya sa su matso juna. Duk a lokaci guda robar da faifan ke ɗaukar waɗannan.

Direban Tirela Apapa:
Wannan lissafin mun san shi a jikinmu. Duwawun tirela haka yake sharo waje in ka karya kwana. Amma Injiniya, in haka ne ai ƙaramar mashiga mai ƙofa ta fi. Me ya kai su buɗe wuri wagege?

Injiniya Yaba:
Ta fi sauƙin ƙerawa kam, Malam. A kwanar da na ba da misali, mashiga mai faɗin mita 1 bambancin gefen ciki da na waje kusan santimita 11 ne. Mai faɗin mita 2 sai ya ninka. Ninkin robar dole ya fi zurfi, faifan ƙasa ya fi faɗi, a sa bangon ciki mai zamewa da zai rufe ninkin kada hannu ya shiga. Kuɗinta ya fi, gyaranta ya fi. Amma jirgin cikin gari aikinsa kwasar jama'a ne cikin daƙiƙoƙi, buɗaɗɗiyar mashiga kuwa tana sa mutane su bazu da kansu, wurin ma ya zama wurin tsayuwa.

Hajiya Idi-Araba:
Ku bar ni in sa baki, tunda mu ma muna hawa. Ni buɗaɗɗen na fi so, kuma ba don lissafi ba. Mace in tana tarago wani ya matsa mata, ko ta ga take-taken da ba ta yarda da su ba, sai ta ja 'ya'yanta ta yi gaba ba tare da ta yi kokawa da ƙofa ba. Kuma ido na ganin ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mai mugun nufi ba ya son inda ake ganinsa. Mai ƙofar nan kuwa, tsakanina da Allah, ba na tsallaka shi jirgi na tafiya. Ƙarar kaɗai ta isa ta tsinka maka zuciya.

Ɗalibi Akoka:
Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. A 1869 an ƙera wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila tarago biyu da aka haɗa da irin wannan mashigar, tana cikin na farko-farko a duniya. Ba ta son tsallakawa jirgi na tafiya, har a 1895 aka haɗe su suka zama tarago ɗaya. Yana gidan tarihin jiragen ƙasa na birnin Yok.

Direban Tirela Apapa:
Hajiya ki yi haƙuri, ban yarda ba. Hanyar da kika bi kika guje wa mugu, ita ɗan sane zai bi ya ɓace da wayarki. Wannan ma ƙarami ne. Wuta fa? Allah ya kiyaye, in hayaƙi ya tashi a tarago ɗaya, ƙofa ce za ta tare shi. In babu ƙofa duk jirgin ya zama bututu guda. Na ga yadda hayaƙi ke cika kan mota kafin ka ce kwabo.

Hajiya Idi-Araba:
In wutar a taragon da kake ciki ta tashi fa, Malam? Mutum ɗari su doshi ƙofa ɗaya mai faɗin kafaɗa?

Baba Ebute Metta:
Kowannenku da gaskiyarsa, amma jirgin ba iri ɗaya ba ne. Na doguwar hanya, Ikko zuwa Badun kilomita 157, tasha da tasha da nisa, mutane a zaune, ana son shiru, ana son sanyin na'ura ya tsaya a ciki, akwai ajin farko akwai na gama-gari, kuma akan cire tarago a ƙara tarago. Wannan ƙofa ta dace da shi. Na cikin gari kuwa taragonsa a ɗaure suke dindindin, ba a raba su sai a wurin gyara, kuma tasha na kusa. Kada ku ɗauki maganin wannan ku ba wancan.

A zamaninmu raba tarago da haɗa shi aiki ne na hannu, mutum ya shiga tsakani. Shi ya sa Turawan Yamma suka koma wani salo tun wajen shekarun 1950: maimakon yadi mai ninki da sai an ɗaure, sai suka sa kauraran bututun roba a kewayen ƙofa, sama da gefe biyu. Tarago ya matso tarago, roba ta danne roba, shi ke nan. Ba ta toshe ƙara da ƙura kamar mai ninki, amma ba ta da fitina.

Injiniya Yaba:
Kan maganar wuta, tsoron Malam Direba a kan hanya yake, kuma masu ƙera jirgi sun san da shi. Amma darasin da aka koya ya fi karkata ga abin da aka yi taragon da shi. A Daegu ta Koriya ta Kudu, ranar 18 ga Fabrairun 2003, wani ya cinna wuta a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta kama wani jirgin da ya shigo tashar, mutum 192 suka rasu. Kujeru da shimfiɗar ƙasa da sauran kayan ciki ne suka ci wuta suka fitar da hayaƙi mai guba. Yanzu Turai na da ƙa'idar EN 45545 da ke auna yadda kowane kayan cikin jirgi ke kamawa, da yawan hayaƙinsa da gubarsa, har da yadin mashigar nan. Landan ta koma buɗaɗɗun jirage a wasu layukanta tun 2010. Niyok, inda doka ta hana ratsawa tsakanin tarago saboda faɗuwar mutane, ta fara gwada nata a 2024. Ni ina tare da Hajiya a jirgin cikin gari, da sharaɗi ɗaya: kada ranar gyara a sa yadin da ba a gwada da wuta ba.

Direban Tirela Apapa:
Sharaɗin naka shi ne inda nake jin tsoro.

Hajiya Idi-Araba:
Akwai abin da ban ji kowa ya taɓo ba, shi ne kayan jikinmu. Waɗanda suka zana abin nan wando da takalmi sau-ciki suke gani. Mu kuwa abaya ce ke jan ƙasa, da zani, da babbar riga, da yara masu silifas. A wani jirgi da na taɓa shiga, wata yarinya na tsaye a kan faifan, jirgi ya karya kwana, bakin faifan sama ya ɗaga kaɗan ya zamo ya cafke bayan silifas ɗinta. Ta ja ƙafa, ƙafar ta fito, takalmin ya tsaya. Muna kallo ƙarfen ya tauna shi ya sake shi da jirgi ya miƙe, ya fito a yage gida biyu. Uwar ta rungume ta tana salati. Da yatsa ne fa?

Injiniya Yaba:
Subhanallah. Hajiya, wannan alama ce ta faifan da ya ci. Yadda ake yin sa, faifai ɗaya na kwance a kan ɗaya, bakin na saman an fere shi ya yi siriri ya kwanta lif, a ƙarƙashinsa kuma akwai wasu 'yan faya-fayan roba mai tauri da yake zamewa a kansu. In suka cinye, ko yashi ya shiga, ko hinjin ya saki, sai bakin ya fara ɗagawa. Ramin da ke buɗewa ya rufe shi ne mafi haɗari a duk mashigar, ya fi ramin da ke buɗe kullum, domin ido ba ya ganinsa sai ya kama. Maganarki ta tufafi kuma ya kamata ta shiga takardar sayen jirgi tun farko, a ce wa mai ƙerawa ga irin fasinjan da za su hau.

Ɗalibi Akoka:
Yaya Injiniya, jiragen Talgo biyu da gwamnatin Legas ta saya a 2022 daga Milwaukee fa? Waɗanda aka ƙera wa jihar Wiskonsin ba ta yi amfani da su ba. Na karanta cewa nasu tsarin daban ne.

Injiniya Yaba:
Daban ne ƙwarai, ƙanena. Talgo kamfanin Sifen ne. Taragonsu gajeru ne, wajen mita 13, kuma ƙafafun suna daidai mahaɗar tarago biyu, su biyun ke raba su. Tunda babu ƙarshen da ya zarce yana lilo, gocewar gefen nan kusan babu ita, juyawa kawai gaɓar ke yi. Mashigar sai ta zama gajera, mai natsuwa. Jirgin TGV na Faransa ma bogi ɗaya ke ɗauke da ƙarshen tarago biyu. Illar wannan tsarin ita ce ba ka cire tarago ɗaya a tasha ka yi gaba, sai an kai wurin gyara an ɗaga.

Bakanike Mile 12:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar yanayin garin nan. Roba a Legas ba ta tsufa da daɗi. Rana ta gasa ta, damina ta jiƙa ta wata da watanni, ga iskar gishiri. Blue Line kan ruwa yake bi kafin ya shiga Marina. Ninkin robar nan da siraran firam na alminiyom ake kama shi, in kuma kusar da ta riƙe shi ƙarfe ce, ga danshi ga gishiri, sai alminiyom ɗin ya fara zama farin gari a kewayen kusar. Muna gani a bodin mota kullum. Sannan ƙasan ninkin kwari ne, ruwa ke taruwa. Akwai 'yan ramukan da aka huda don ya tsiyaye, to ledar fiya wata ɗaya da ɓawon gyaɗa sun isa su toshe su. Ruwa ya kwanta, yashi ya zauna, jirgi na motsi yashin na goga yadin daga ciki. Ba daga sama take fara yagewa ba, daga ƙasa ne inda ba mai dubawa.

Baba Ebute Metta:
Allah ya yi maka albarka. Abin da muke fama da shi ke nan tun muna aiki. Injin jirgi in ya yi tari kowa ya ji, a rugo. Robar mashiga kuwa tana yagewa jirgi na tafiyarsa, sai a ce a bari sai wani zuwan. Ruwa ya riƙa zuba a kan faifai, faifai ya yi santsi, tsatsa ta ci hinji, sanyin na'ura ya riƙa fita ta ɓarakar. A layin da wutarsa ke ƙasa a gefen dogo irin na Marina, ɓaraka a ƙasan mashiga ba abin wasa ba ce. In jirgi ya haura arewa kuma ƙurar hunturu ce za ta shigo ta nan ta rufe fasinja.

Mai Ɗinkin Tamfol Ijora:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ranku ya daɗe, abin nan fa ɗinki ne. Yadi ne aka yanka aka ninke aka ɗinke aka kama da firam. Mu da ke ɗinka tamfol ɗin tirela da rumfar biki, me zai hana mu yi? Ga roba ana tatsa a Edo da Delta. Sai an jira jirgin ruwa ya kawo daga Sin ko Jamus?

Injiniya Yaba:
Hannun kam kuna da shi, Malam, ban musa ba. Kamfanin Hübner na Kassel a Jamus, wanda ya yi suna a wannan sana'ar, shi ma ƙaramar masana'antar roba ce a 1946. Matsalar tana ga yadin. Ba tamfol ɗin kasuwa ba ne, kuma ba ɗanyar robar bishiya ba ce, domin ita rana da iska na tsattsaga ta da wuri. Saƙa ce mai ƙarfi da aka shafe ciki da waje da robar masana'anta, irin su silikon, wadda za ta ninku ta buɗe ba adadi ba ta karye ba, kuma ba ta ba wuta abinci. Tamfol ɗin leda in ya kama, baƙin hayaƙinsa kaɗai ya isa ya kashe mutum a rufaffen tarago. Abin da Malam Direba ke tsoro ke nan.

Bakanike Mile 12:
To a shigo da yadin a dunƙule, a yanka a ɗinka a nan. Firam, faifan ƙasa, hinji, robar zamewa, duk ana iya yin su a Legas. Ga masana'antar haɗa taragon kaya a Kajola, ga Jami'ar Sufuri a Daura. In ba a fara da ƙananan kaya irin wannan ba, da me za a fara?

Baba Ebute Metta:
Na goyi baya, amma a gwada kafin a ɗaura. A wurin masu ƙerawa akwai injin da ke kama mashigar ya yi ta murɗa ta yana goce ta dare da rana, a watsa mata ruwa a ga ko za ta yoyo. Wanda bai ci wannan jarrabawar ba kada ya hau jirgin fasinja, ko ɗan wane ne ya ɗinka. Kuma duk mai sayen jirgi ya sayi mashigar ajiya tare da shi, kada sai ta yage a fara rubuta takarda.

Mai Goro Agege:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba, ni da ke yawan tafiya da jikoki, me zan kiyaye?

Baba Ebute Metta:
Kada ka tsallaka lokacin da jirgi ke shiga tasha ko fita, nan ne wurin sauya layi. Bari ya miƙe. Tattare rigarka, ka riƙe ƙarfen riƙo, ka taka tsakiyar faifai ba bakinsa ba. Ƙaramin yaro a ɗauke shi, kada a bar shi ya tsaya a wurin ko ya sa yatsa cikin ninki. In ka hango hasken waje ta jikin robar, ko ka ga ruwa na zuba, ko bakin faifai na ɗagawa, ka duba lambar taragon ka faɗa wa ma'aikaci. Lambar ita ce muhimmiya, in babu ita ba za su san wanda za su duba ba.

Mai Ɗinkin Tamfol Ijora:
Injiniya, in ka samu guntun tsohon yadin da aka cire, ka kawo mini shago in ga kaurinsa, in san irin allura da keken da za su ci shi.

Injiniya Yaba:
In sha Allah zan nema. Ka duba zaren da bakin ɗinkin ma in na kawo, domin bayan an ɗinka sai an bi kowane layi da abin toshewa, in ba haka ba ramin allurar ne zai fara shigo da ruwa.